Shanyar da na yi a lambun kakanmu

Shekarun baya, yayana ya bar aikin soja ya dawo Zuru da niyyar gina gida a lambun kakanmu, can gindin tudu bayan unguwar Rikoto. Lambun ba fili ba ne. Manyan duwatsu ne Allah ya jibge, kakanmu ya bi tsakaninsu da kwando yana zuba ƙasa, ya jera ƙananan duwatsu ya tare ta, ya dasa mangwaro da gwaiba da lemun tsami. A tsakiya akwai wani falalen dutse da ruwan damina ke bi ya taru a kwarmi, da shi muke ban ruwa har rani ya yi nisa. In aka fasa shi, lambu ya mutu.

Dutsen nan kuwa shi yayana yake so a fasa, ya sami tsakuwa da wurin gini. Na ce ban yarda ba. Ya dube ni ya ce, "Ke mace, ƙanwa kuma, mi naki a ciki?"

Masu fasa dutse a wajenmu wuta suke hura masa da tsofaffin tayoyi har ya tsage. Ranar da na ga an sauke tayoyi, na je na buɗe rumbuna. Ni da tulu ɗaya ke sa ni nishi, ni ce na yi ta jidar dawa a ka, na shanya ta kaf a kan dutsen. A wurinmu ko mahaukaci ba ya sa wa hatsi wuta.

Babban masu aikin ya zo ya tsaya. "Mama, yaushe za ki kwashe?"

"In ta bushe, ɗana."

Dawar nan kuwa in ka tauna sai ta karya maka haƙori.

Matan unguwa suka gane, wannan ta kawo gero, waccan barkono. Na tare a wurin ina korar kaji da awaki, rana tana gasa ni, har masu aikin suka gaji suka kwashe tayoyinsu.

Yayana ya yi gininsa a cikin gari. Bai sake taka lambun ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin coci. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, nono ɗaya muka sha. Dangi sun dame ni wai in je in ba shi haƙuri. In ya ji yunwa zan kai masa tuwo, in ya kwanta ni zan yi jinyarsa. Haƙuri kam, sai ranar da aka nuna min laifina.