Akwatin Kifin Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, rabuwa da ruwa ta fi ciwon ƙafar damunsa. Iyayensa na cikin waɗanda dam ɗin Tiga ya tasa daga garinsu, shi kuwa a kan ruwan nan ya girma, da kamun kifi ya ciyar da mu. Sai ga shi a zaure kan tabarma, yini guda yana kallon bango.

Ni aikin tagogin gilashi nake yi a Tudun Wada. Na yanka gilashi, na haɗa masa akwatin kifi da silikon, gam ɗin nan mai warin tsami da ke hawa hanci. Gam ne mayaudari. Kafin ka gama wanke hannu samansa ya yi fata, washegari ka taɓa ka ji kamar roba, alhali cikinsa ɗanye ne sharaf. Daga waje yake bushewa yana shiga ciki a hankali, kuma iya kaurinsa iya daɗewarsa. Sai da na bar akwatin mako guda a shago, warin ya ɗauke, sannan na kai gida na zuba ruwa da 'yan ƙananan karfasa.

Baba ya daɗe yana kallonsu. Can ya nuna ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Wannan mace ce." Daga ranar ya koma cin abinci sosai.

Baba yana da ƙane, Baffa. Tun farkon ciwon ya karɓe kwalekwalen Baba da ragarsa, wai zai riƙe amana, ba mu sake ganinsu ba. Da ya shirya buɗe wurin gasa kifi a bakin titin Bagauda, sai ya zo dubiya. Ko zama bai yi ba idonsa ya faɗa kan akwatin.

"Wannan ai a wurina ya dace," in ji shi. "Aro ne, Yaya. Me mara lafiya zai yi da kayan ado?"

Ba na gida. Inna ce ta ba ni labari, ta ce a bokiti ya juye kifayen, ya tafi da su da akwatin, har da bokitin. Da na shiga zaure na tarar da Baba yana kallon teburin da babu komai a kai. Na tafi Bagauda, na durƙusa na gaida Baffa, na roƙe shi. Ya yi dariya a gaban ma'aikatansa, ya ce, "Kai yaro, sana'arka ce, ka yi masa wani mana."

A hanyar dawowa maganar nan ta yi ta juya mini a rai. To, zan yi wani.

Na samo gilashi mai kauri, na yanka akwatin da ya ninka na farko sau uku. A zauren na haɗa shi, a gaban Baba, ana jibi bikin buɗe wurin Baffa. Na lafta gam ɗin da kauri, na shafe shi sumul. Sannan na tabbatar labari ya kai Bagauda ta bakin wani direba da ba ya iya riƙe magana.

Washegari da hantsi sai ga Baffa da a-kori-kura, ƙaramin akwatin a baya.

"Ga naku nan na dawo da shi," ya ce. "Babban ne na wurin baƙi."

Na sunkuyar da kai. "Baffa, ku yi haƙuri, bai bushe ba. Sai ya ƙara kwanaki."

Na faɗa ne don Allah ya zama shaida, kuma don na san halinsa: abin da ƙaramin mutum ya hana shi, shi yake yi. Ya danna gam ɗin da babban yatsa, ya nuna mini yatsan fes.

"Rowa ce irin ta uwarka," ya ce. Shi da direban motar suka kinkima.

Ranar bikin na sa kayana na Juma'a na tafi. Na sayi kifina da kuɗina, na zaɓi benci nesa da akwatin, inda zan ga komai. Sun cika shi maƙil, sun zuba manyan tarwaɗa. Baffa na tsaye a gefensa cikin babbar riga mai sitati, yana gaya wa baƙi wai daga Kano ya yi odarsa.

Ni kaɗai na lura da ɗigon farko yana gangarowa ta kusurwa. Na ci gaba da cire ƙaya. Gam ɗin ya fara miƙewa kamar yauƙin kuɓewa, gilashin gaba ya saki, ya kwanta a ƙasa, ruwan ya kwashe ƙafafun Baffa. Ya zauna daɓas a cikin taɓo, hula ta yi nata wuri. Garwashi ya mutu, hayaƙi ya turnuƙe, tarwaɗa suna ta wutsil-wutsil a ƙarƙashin kujerun baƙi. Ba wanda ya ji ciwo. Wata dattijuwa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Daga inda yake zaune ya hango ni. Na suɗe yatsuna, na ce, "Sannu, Baffa."

Da na koma gida Inna ta yi mini faɗa, ta ce ƙanen uba uba ne. Baba ya sa na maimaita masa labarin, ya tsaya musamman a wurin hular, kafaɗarsa mai lafiya tana girgiza don dariya.

Baffa ya kai ƙarata wurin dattawan dangi. Direban a-kori-kurar ya shaida cewa na gargaɗe shi, maganar ta mutu a nan. Bai sake ɗaukar ko tsinke a gidanmu ba. Har yau idan mun haɗu a wurin biki ko ta'aziyya, nakan durƙusa in gaishe shi da ladabi, in tambayi kasuwa. Shi kuma sai ya amsa yana kallon wani wuri.