Telan da Ke Auna Tsoro da Tef

Shekara ashirin da shida Tela ya yi yana taka keke a shagonsa mai taga ɗaya, kuma bai taɓa gama ɗinki ranar da ya yi alkawari ba. Amma ƙarfe huɗu na yamma ba ta taɓa wuce shi ba. Tana bugawa zai rufe keken, ya rataya usur kusa da tef ɗin awon da ke wuyansa, ya nufi filin bayan makaranta, inda 'yan mata goma sha biyar ke kiransa Koci. Gajere ne, ga tumbi, ga muryar mutum uku. Ko a ƙuruciya bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, kuma da bakinsa yake faɗa.

Hanyarsa ɗaya ce: komai sai ya auna. Idan yarinya tana tsoron ƙwallo, ba ya tsawa, ba ya wa'azi. Sai ya zare tef, ya auna nisan da take iya tsayawa ba tare da ta kauce wa ƙwallon ba, ya ajiye dutse a wurin. Gobe ya matso da dutsen inci shida. Haka ya yi ta rage tsoron yaran unguwa kamar yadda yake rage wa riga faɗi.

Wadda ta gagare shi 'yar ƙanwarsa ce, mai tsaron raga, wadda kowa ke kira Ƙifta. Ga tsawo, ga hannu, amma da ƙwallo ta nufo fuskarta sai ta runtse ido gam. Ranar Asabar masu zaɓen 'yan wasan gari za su zo, mai tsaron raga ɗaya kawai za su ɗauka, kuma baɗi shekarunta za su wuce ƙa'ida. Sati uku dutsenta bai motsa ba. Abin yana cin Koci a rai ƙwarai.

Ranar Laraba ƙwallo ta tsallake shinge ta faɗa gidan wata tsohuwa mai kiwon talotalo. Nan take Koci ya sunkuya yana gyara takalmi, kamar yadda ya saba duk sanda ƙwallo ta faɗa can.

Ƙifta ta ce, "Kawu, yau kai za ka ɗauko."

"Ba ki ga ina ɗaure igiya ba?"

"Kawu, silifa ce a ƙafarka."

Yara suka zube ƙasa don dariya. Da ya ga babu mafita, sai ya faɗi gaskiya: yana ɗan shekara shida wani talotalo ya kora shi har cikin randa, kuma har yau ko kukan talotalo ya ji sai ya canza hanya. Ƙifta ba ta yi dariya ba. Ta zare tef daga wuyansa, ta ja shi wajen shingen har ya toge, ta auna, ta ajiye dutse.

Ta ce, "Ƙafa talatin. Ka fi ni tsoro, Kawu. In ka matsa, zan matsa."

Kwana biyu unguwa ta sha kallo. Koci ya matsa, talotalo ya kumbura, Koci ya ambaci sunan Allah ya ƙara taku, sannan Ƙifta ta matso da nata dutsen. Tsohuwar har kujera ta fito da ita. Ranar Juma'a da yamma ya shiga gidan da ƙafarsa, gumi yana zuba, ya rungumo ƙwallon. Talotalon bai ji kunyarsa ba. Ya bi shi sau biyu suna zagaya rijiya, ya cafke shi ta baya, ya yage wandon da Koci ya ɗinka da kansa. Koci ya faɗo ta ƙofa, silifa ɗaya a ƙafa, yana haki.

Ya ce, "Ku shaida, ban rufe ido ba."

Ranar Asabar ya tsaya a bakin fili, ya cusa tef a baki yana tauna. Wata doguwar yarinya ta tako har gaban raga ta dirka ƙwallo da duk ƙarfinta. Koci ne ya runtse ido. Da ya buɗe, ƙwallon tana birgima waje, Ƙifta tana tsaye da kumburarren leɓe, mai zaɓen kuma yana tambayar yadda ake rubuta sunanta.

Ta rugo ta faɗa jikinsa, ya ji hawaye sun zubo masa, bai ma damu ya ɓoye ba.

Ta ce, "Kawu, na ga ƙwallon. Har ɗinkin jikinta na gani."

Ya share hanci da tef, ya ce, "Ɗinkin ya yi kyau?"

"Ya fi naka, Kawu."