Ɗinkin Baba a Jikin Ƙwaryar Wanka

Baba ya rasu ne da kaka, shekara goma sha tara ke nan bana. Shekarar ta zo da albarka, ba na mantawa. Ruwa ya kai inda ake so sannan ya ɗauke, gero ya yi, dawa ta sunkuyar da kai, duma kuma ya hau dangogin gidajen 'Yandoto ya zuba 'ya'ya manya-manya. Duk wanda ka gamu da shi a hanya fuskarsa a sake take. An ce kwana uku kafin Baba ya kwanta ya zagaya bayan gida yana ƙwanƙwasa duman nan da yatsa, yana dariya, wai nan da shekara biyu aiki zai same shi in sun fara tsagewa. Allah bai nufa ya ga tsagewarsu ba.

Baba gyartai ne. Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba su taɓa jin kalmar ba, don ko 'ya'yana sai da na yi musu bayani. Gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. Ranar kasuwar Tsafe yakan zauna gindin wata tsamiya da 'yar zabirarsa ta fata, matan Fulani su kewaye shi da ƙoran nono, kowacce tana cewa tata za a fara. Sai ya sa basilla a garwashi ta yi zafi, ya bi gefe da gefen tsagar yana huda ƙananan ramuka, ya cusa auduga a tsakiya, sannan ya ɗinke da siririyar kaba da ta kwana a ruwa. In aka zuba ruwa audugar ta kumbura, shi ke nan, ko ɗigo. Ni ce mai riƙe masa bakin ƙwarya in aikin ya biyo shi gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Yana da wata magana da muka haddace tun muna yara. Yakan ce ƙwarya ba ta mutuwa rana ɗaya, sauka take yi a hankali. Tana sabuwa ta ɗauki nono da fura. In ta tsage a ɗinke ta. In ɗinkin ya daina riƙe ruwa, ai tsaba ba ta yoyo, sai ta koma ta hatsi. Ranar da ta fashe gaba ɗaya ta zama sakaina, a kwashi toka da ita, a zuba wa kaji dusa. Daga nan sai juji, jaki ya kwashi jujin a mangala ya kai gona, a shuka wani duman a kansa. Da haka muka tashi. Ba wanda ya ce mana muna kiyaye wani abu, yadda ake zama ne kawai.

Cefane ma haka yake. Innarmu za ta miƙa mini ƙwarya da faifai da kwalbar mai wadda aka toshe da totuwar masara. Mai kayan miya ya juye maka a ƙwarya, daddawa a naɗe cikin ganye, gishiri a ƙulle a bakin zane, mahauci kuma ya soka maka nama a kaba ka rataya a yatsa. Ka dawo gida babu abin zubarwa sai ganyen, shi ma akuya na jira. Kwalbar man nan ta gidanmu ta girme ni, kuma a gidan na bar ta da aka kawo ni Gusau.

To, ni ce na fara kai roba gidan Baba. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin, na ɗan tara ribar ƙuli-ƙuli, na ce bari in yi wa tsofaffi tsarabar birni. Na zaɓi wata babba ja mai sheƙi, na ɗora a kai tun daga bakin titi don kowa ya gani. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa abin da zai kashe sana'arsa ne na ɗauko masa da hannuna. Ya karɓa, ya sa mini albarka, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar yadda yake yi wa duma, ya ce ita wannan ba ta amsa sallama. Innarmu kuwa murna kamar ta taka rawa.

Shekara ba ta zagayo ba rana ta cinye ta, ta tsage. Na je gida na tarar da shi zaune da ita a cinya, ya huda rami ya fi goma, kowane rami ya buɗe sabuwar tsaga. Ya ɗago ya dube ni.

"Uwata, wagga roba taki ba ta ɗinkuwa. Tana ruɓewa?"

Na ce ban sani ba.

"To in ba ta ɗinkuwa, ba ta ruɓewa, ina za mu kai ta?"

Bai faɗa da faɗa ba, tambaya ce yake yi tsakani da Allah. Ya tashi ya kife ta bayan rumbu, ya ce a bar ta nan a ga shi da ita wa zai riga wani tafiya. Zuwana na ƙarshe 'Yandoto, shekara uku ke nan, na leƙa bayan rumbun. Rumbun ya zube, amma tana nan, rabinta a ƙasa, jan ya koɗe ya koma kalar toka.

Nakan zauna in ce da Baba zai leƙo Damba, unguwar da nake zaune a Gusau, me zai ce? Ba mutum ne mai ƙin sabon abu ba. Yana son rediyonsa, yana son tocila, kuma na tabbata da ya ga waya sai ya ce a kira masa kowa. Amma da zai ga kwatarmu da damina, yadda leda ke toshe ta har ruwa ya shigo zaure, maza su fito da shebur suna tono, na san zai tsuguna ya ɗauki guda, ya ja ta, ya maimaita tambayarsa. Ƙanena da ke noma a gida ya ce yanzu kafin a kai juji gona sai an zauna an tsince shi da hannu, in ba haka ba garma leda take tonowa. Akuyar maƙwabtanmu ta rame ta mutu, da aka buɗe cikinta abin da aka tarar ke nan. Ba na ɗora wa kowa laifi, don ni ma a ciki nake. Leda ba ta da nauyi, ba a wanke ta, ba a ce ka dawo da ita. Ran nan na dawo daga cefanen kwana biyu na ƙirga, guda goma sha ɗaya na shigo da su gida. Tumatur da tasa, attarugu da tasa, mai a ƙulle a tasa, sannan duk a haɗa a zuba a wata babba. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni ba daɗi nake tunawa ba, sauƙin shara nake tunawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana, ƙwarya ce. Da na yi haihuwar fari Baba ya kawo mini wata babba daga dumansa, ya ce ta wankan jariri ce. A cikinta na wanke 'ya'yana shida da jikoki huɗu. Sau uku tana tsagewa, sau uku yana ɗinke ta, ɗinkin a jere kamar kitso. Ita kaɗai ce ta rage a hannunmu da aikinsa a jiki. Tana rataye a ragaya a ɗakina, ashe danshin damina ya ci igiyar ban lura ba. Makon jiya ta faɗo. Ɗinkinsa uku ko motsi ba su yi ba, sabuwar tsaga ce ta buɗe daga baki zuwa kusan gindi.

Ga shi autata Luba tana gida, cikinta na fari ya tsufa, yau ko gobe. Ta zo da tata robar wankan, shuɗiya, har da hoton agwagwa. Da ta gan ni ina juya ƙwaryar sai ta ce in bar ta ta huta mana, ai ƙwaryar ta girme ta nesa ba kusa ba, ta ga ma mai kwasar shara ya kusa zagayowa. Ba da raini ta faɗa ba, tausayina take ji. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗanta ne zai zama na farko a zuriyata da ruwan ƙwaryar Baba bai taɓa jikinsa ba.

Na shiga nema. A kasuwar Gusau mai sayar da ƙorai ya yi murmushi, ya ce Hajiya, wa ke ɗinki yanzu, in ɗauki sabuwa kawai. Amma ya tuna da wani tsoho daga Kekun Waje da kan zo Bungudu ranar kasuwa. Na aika ta hannun dangin maigidana, amsa ta dawo cewa tsohon yana nan da rai, sai dai ido ya tafi, kuma cikin 'ya'yansa ba wanda ya koya. Tsafe kuwa maigida ya ce kada in soma, da yadda hanya take yanzu. Na kira ƙanena, ya ce ko na zo wahalar banza ce, gindin tsamiyar Baba mai robobi ne ke baje kaya a wurin.

Bayan la'asar ina zaune da ita a cinya, kamar yadda na taɓa tarar da shi da robata, sai ga Maman Ishaya. Maƙwabciyata ce, Kirista daga kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta, shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Har yau a ganye take naɗe alalarta, kuma ba ta zuwa kasuwa sai da tsohuwar jakarta ta saƙa. Na ba ta labarin yawon da na sha. Ta saurara har na gama, sannan ta ce na zaga gari neman gyartai, ga ɗiyar gyartai a zaune. Na ce mata ni riƙo kawai na iya, kuma ban taɓa ganin mace ta yi ba.

"Ke da kika koyi rubutu a yaƙi da jahilci da goyo a bayanki," in ji ta, "basilla ce za ta gagare ki?"

Da ta tafi na buɗe ƙasan akwatina. Ranar rabon gado ba wanda ya kalli zabirar Baba, ni na ɗauko ta, ban sake buɗewa ba sai wannan yammacin. Basillar tana nan, ƙotarta ta yi santsi daidai inda babban yatsansa ke zama. Na yi ta tunanin abin da ya bari. Bai bar gidan siminti ba, bai bar shanu ba. Ƙoran da ya ɗinka, da ba wanda ya san adadinsu, duk sun sauka mataki-mataki sun koma ƙasa, an ci hatsin da ya tsiro a kansu. Abin da ya ƙi tafiya a gidansa shi ne wanda ni na kai. Da can wannan yakan ba ni baƙin ciki. Yanzu na gane aikinsa ke nan, ya tsawaita wa abu kwana, in lokacinsa ya yi ya tafi bai bar wa kowa wahala ba. Shi ma haka ya tafi. Allah ya haskaka makwancinsa, ya ɗinke masa abin da ya tsage a aikinsa. Na jiƙa kaba a ruwa na bar ta ta kwana.

Washegari da hantsi na hura gawayi na sa basilla. Ramin farko da na biyu duk sun karkace, daga na biyar sai na ji kamar hannun ya tuna abin da ido ya gani. Bakin ƙwaryar ya yi ta zamewa daga cinyata. Ban kira kowa ba, sai na ga Luba ta jawo kujera 'yar tsugunno da ƙyar, ta zauna ta kama bakin da hannu biyu, daidai yadda nake kama wa Baba. Na cusa auduga, na ɗinke. Ɗinkina kusa da nasa kamar rubutun ɗan aji ɗaya kusa da na malami.

Muka zuba ruwa muka jira. Audugar ta kumbura, tsagar ta kama, sai wuri guda can ƙasa da ke ɗiga, ɗis, ɗis, ya ƙi dainawa. Na ce to, ta sauka ke nan, ta koma ta hatsi da cefane, tumatur ba ya yoyo. Luba ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da robarta mai agwagwa, ta ɗauki ƙwaryar da ruwanta ta zaunar da ita a ciki.

"A haka za a yi masa wankan, Inna," ta ce. "Abin da ta kakana ta zubar, tawa ta tare."