Dala Ɗari Bakwai a Gidan Zakariya

Katangar da ta raba gidan Maryamu da na Zakariya mahauci a unguwar Gardole ba ta iya riƙe magana ba. Ran Laraba bayan la'asar, Maryamu na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, sai muryar Zakariya ta tsallako kamar mai kiran ciniki.

"Dala ɗari bakwai! Da kunnena na ji. Ɗari bakwai sau biyar nawa ke nan, kai da ka yi boko?"

"Baba, ba wannan dalar ba ce."

"Nawa ke nan, na ce?"

"Sefa dubu uku da ɗari biyar. Amma Baba..."

"Kalas, magana ta ƙare! Kuɗin kan rago da ƙafafuwansa. A haka guda goma zan saya, in raba wa maƙwabta."

"Dalar Amurka yake nufi! Na'urar da aka shekara da shekaru ana ƙerawa, ita za a sayar kuɗin kan rago?"

"To wa ya hana su sauƙi?"

Maryamu ta ajiye faifan. Ihun Zakariya ba baƙon abu ba ne a unguwar, ko gaisuwa da ihu yake yi. Abin da ya tsayar da hannunta murya ta biyun ce, ta Fa'iz, babban ɗansa. Shekara biyu ke nan ba ta ji wata magana ta shiga tsakanin uban da ɗan ba in ban da "ina kwana" da "lafiya lau".

A Gardole aka haifi Zakariya, shekara hamsin da bakwai da suka wuce. Kakansa daga ƙasar Katsina ya taso a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a bakin kogin Shari, ya ga shanu, ya ga kasuwa, ya ce sai baɗi. Baɗin ba ta zo ba. Zakariya ya gaji wuƙa da tebur a kasuwar Mursal, ya kuma gaji ido. Sau ɗaya yake zagaya bijimi, ya danna gindin wutsiya da babban yatsa, ya faɗi nauyinsa da farashinsa, dillali ya yi ta rantsuwa, daga ƙarshe a sayar yadda ya faɗa.

Abu guda ne Allah bai hore masa ba: bai iya kyauta a fili ba. In matar da mijinta ya rasu ta zo sayen rabin kilo, sai ya ɗora mata kilo guda, ya hau zagin sikeli, wai ya lalace, wai shi ake cuta kullum. In ya ɓata wa matarsa Sa'adiya rai, ba za ka ji "yi haƙuri" a bakinsa ba, sai dai ta tarar da hanta a ƙunshe bisa murfin tukunya. Mutane suna cewa girman kai ne. Maryamu, da ta shekara ashirin da huɗu tana jin sa ta katanga, tana ganin tsoron godiya ne. Bai san inda zai sa idonsa ba in ana gode masa.

Shi kuwa Fa'iz karatun kwamfuta ya yi, ya ce hannunsa ba na wuƙa ba ne. Yana gyaran wayoyi a gefen teburin wani a babbar kasuwa, kuma a ƙarƙashin gadonsa akwai tsofaffin na'urorin wasa guda biyu, waɗanda samarin gari ke kira kwansol, da ya saya a mace ya tayar da su. Shekara biyu da suka wuce ya roƙi ubansa ɗakin ƙofar gida, mai fuskantar titi, ya buɗe wurin wasa. Zakariya ya ce fatu da ƙirage ba za su tashi don abin wasan yara ba. Daga ranar Fa'iz ya rufe bakinsa. Yanzu ga shi wani abokinsa ya samo masa aiki a can birnin Duwala, ya yanki tikiti, ran Asabar motarsa za ta tashi.

Da safiyar Alhamis Sa'adiya ta shigo aron rariya, ba da niyyar tankaɗe ba.

"Kin ji su jiya?"

"Har mutanen Kusuri sun ji, daga hayin kogi."

"Wani yaro ne ɗan garinku a waya," in ji Sa'adiya. "Fa'iz yana kallonsa, yana ta bayani wai wani kamfani zai fito da sabuwar kwansol, wai ana zaton dala ɗari bakwai. Malam yana alwala, ya wanke ƙafa ɗaya ke nan, sai ya tsaya da buta a hannu ya ce, 'Nawa ya ce?' Shi ke nan wuta ta kama."

Maryamu ta yi dariya har ta dafa turmi. Ta san wannan rami, ita ma ta faɗa. A nan garin, dala a bakin Bahaushe sefa biyar ce, abin da masu Larabci ke kira riyal. A Kano kuwa, inda aka haife ta, in an ce dala kuɗin Amurka ake nufi. Satinta na farko da aure mai tumatur ya ce mata dala ashirin, ta ajiye masa kayansa ta dawo gida da hawaye, ta ce wa mijinta ya kawo ta garin 'yan fashi.

Da yamma aka koma fage. Wannan karon Maryamu ta jawo kujerarta kusa da katanga, ba ta ko yi kamar tana wani aiki ba.

"To wannan dabbar taka," in ji Zakariya, "me ta fi tsohuwar da shi?"

"Ba a tabbatar ba tukuna, jita-jita ce. Amma an ce ƙwaƙwalwarta za ta ninka ta da, hotonta kuma har gumin ɗan ƙwallo za ka gani. Wasu sun ce ma ba za ta zo da wurin sa faifai ba."

"Babu baki ke nan. Dabbar da ba ta da baki me za ta ci?"

"Ta intanet za a riƙa zuba mata wasannin."

"Da intanet ɗin nan da ke tafiyar kunkuru? Ka ga ni, shi ya sa suka karya farashi. An cire baki, an cire haƙora. Zafi fa? Ta san Afrilun garin nan?"

"Akwai fanka a cikinta, babba. In na sa ta a kan kanta, nesa da ƙura, na riƙa buɗe ta duk wata ina hurawa..."

"In ka sa ta a ina?"

Fa'iz ya ci gaba a hankali, sannan da sauri. Ya faɗi yadda zai jera kujeru, da yadda zai haɗa gasar ƙwallo tsakanin Gardole da Mursal, da tebur ɗaya a gefe don gyaran waya. Ya fi minti ashirin yana magana. Zakariya, wanda ko liman ba ya bari ya kai aya, bai katse shi ba ko sau ɗaya.

"Surutu," in ji shi daga ƙarshe. "Mu sa sharaɗi. In dalarka ce, ɗakin ƙofar gida naka ne. In tawa ce, ka ɗaura gyauto ka zo tebur ka koyi fiɗa. Mu jira ranar da masu abin za su faɗi farashi da bakinsu."

"Yaushe ke nan? Wasu sun ce baɗi, wasu sun ce sai shekarar gaba da ita."

"To sai mu jira. Sauri me ake?"

"Jibi zan tafi, Baba. A kira Gwaggo Maryamu gobe. Yaron Bakano ne, ita ma Bakanuwa ce. Abin da ta ce shi ke nan."

Maryamu ta ji sunanta ya faɗo mata a cinya kamar garwashi. A nan ne kuma abin ya waye mata. Zakariya da ya kai shanu Maiduguri ya fi sau talatin? Zakariya da ke zama da 'yan canji yana shan shayi, shi ne bai san dalar Amurka ba? Mutumin da bai taɓa kuskuren farashin akuya ba, ya yarda na'ura daga ƙetare za ta yi kuɗin kan rago? Ƙarya yake, kuma ƙarya mai kyan gini. Ya nemo gardamar da ba ta da ranar ƙarewa, don wanda ke jiran hukunci ba ya hawa mota.

Ita ma ba tsakani da Allah kawai take son shirin ya yi ba. Ɗanta Waliyyullahi shekara shida ke nan yana can birnin Libarbil, sai ranar salla take jin muryarsa, ita ma a gaggauce. Ba ta son Sa'adiya ta shigo wannan layi. Ta yi ta juya abin: ta ce ba ta gane Hausar yaran yanzu ba? Ta ce sai an jira? Amma Fa'iz ba yaro ba ne. In ya ga an haɗa masa baki, zai tafi da fushi a kan fushi, irin tafiyar da ba a waiwaye.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka aiko mata. Ta tarar da Zakariya a kan tabarma cikin farar riga, Sa'adiya a bakin madafa tana kankare tukunyar da ta riga ta yi fes, jakar Fa'iz kuma a ɗaure a jingine da bango.

"Hajiya Bakanuwa, sannu da zuwa," in ji Zakariya. "Ki ji tsoron Allah, ki tuna wa ke ajiye miki ƙashin miya."

"Baban Fa'iz, alƙali ake ba cin hanci a gaban jama'a?"

"Gwaggo, saurara kawai," in ji Fa'iz, ya miƙo wayar.

Yaron cikin wayar ya yi ta zuba, da Hausar Kano tsantsa, har Maryamu ta ji ƙanshin kasuwar Kurmi. Ta saci kallon Zakariya. Ba ya kallon wayar, jakar yake kallo.

"Dalar Amurka ce," in ji ta. "Kuɗin nan ya kai na bijimi mai kyau, ba kan rago ba. Fa'iz ya ci."

Zakariya ya miƙe da ƙarfi har hularsa ta karkace.

"Na sani! Dama Kanawa ba sa kayar da juna! Shekara ashirin da huɗu ina ba ki ƙashi mai ɓargo!" Ya zura hannu a aljihu, ya jefa wa ɗansa mabuɗi. "Ungo. Ni ba na cin amanar sharaɗi. Je ka ka ga abin da ka ci, ɗaki ne duk wari."

Abin da Maryamu ta lura da shi shi ne, mabuɗin shi kaɗai ne a aljihun, an riga an cire shi daga cikin 'yan uwansa.

Suka zagaya ta titi su huɗu. Fa'iz ya murɗa, ya tura ƙofar, ya tsaya cik.

Babu fata ko ɗaya. An shafe bango da shuɗin fenti, an yi sabon daɓen siminti. Wurin sa wuta shida a jere, kanta mai hawa biyu a sama nesa da ƙasa, fanka a rufi, da wata waya mai kauri da ta bi kusurwa ta haura sama, inda gefen faifan sola ke leƙowa.

"La ilaha illallahu," in ji Sa'adiya. "Malam, wannan ne maganin ƙwarin da ka ce kana fesa wa fatu, kada kowa ya matso?"

"Ƙwarin sun mutu ko ba su mutu ba?"

Fa'iz ya shafa bangon da tafin hannu, ya dubi hannun.

"Baba, fentin nan ya bushe."

"Zafi ake yi."

"Ya fi sati uku."

"Na ce zafi ake yi! Kai ma'aikacin fenti ne ko mai gyaran waya?"

Maryamu ta ga bakin yaron ya soma motsi, godiya na tahowa, ta ga kuma Zakariya ya fara neman hanyar gudu da ido. Ta taka ƙafar Fa'iz a hankali. Ya gane. Ya haɗiye abin da zai faɗa, ya shiga auna ɗakin da taku, daga ƙofa zuwa bango.

"Talabijin biyu za su shiga nan," in ji shi. "Kafin sabuwar ta fito, tsofaffin nan za su riƙe. Kuma ni ina ganin ba za ta tsaya a ɗari bakwai ba, kayan ciki sun yi tsada."

"Ɗari shida da hamsin," in ji Zakariya nan take. "Mai kaya yana fara sakin babban farashi ne a bakin dillalai, don ranar da ya rage a ce ya yi kirki."

"Ta Amurka ko ta Gardole?" in ji Maryamu.

"Ke dai ba na magana da ke."

Fa'iz ya ciro tikitin daga aljihu, ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa mahaifiyarsa.

"Inna, ɗan Gwaggo Talatu ba Duwala yake son zuwa ba? A tambaye shi ko Asabar ta yi masa."

Sa'adiya ta karɓa ta cusa a bakin zane da sauri, kamar za a ƙwace. Zakariya ya gyara hula, ya ce shi yana da abin yi a kasuwa, ba kamar wasu ba, ko da yake kowa ya san ba ya komawa tebur ran Juma'a da yamma. Ya fita har ya kai bakin titi, wani mai babur ya rage gudu yana jiran ko zai hau. Sai ya dawo, ya dafa ƙyauren, ya leƙo da kai kawai.

"Kai, Fa'iz. Ka ajiye mini kujera mai jingina ƙarƙashin fankar nan. Kuma ranar da za ka koya mini ƙwallon, a rufe ƙofa, kada mahauci ko ɗaya ya gani."