Sunan da na rubuta a jikin kwalbati

Shekarun baya, tun unguwarmu da ke gefen Makarfi ba ta san ƙarar mota ba, akwai wani kwari da ya raba mu da babbar hanya. Da rani kowa na tsallake shi. Da damina kuwa, rakenmu ba ya fita sai a kan jaki, jakin ma sai ya ga dama.

Dattawa suka ce a rubuta takarda a nemi kwalbati. Ni aka kira, domin a lokacin duk wasiƙar da za ta fita daga unguwar, da ajamina take fita. Na fere sabon alƙalami, na yi kwana uku ina gyara magana. Abokina kuma, wanda muka tashi tare, bai yi nisa a allo ba, amma yana da keke da ƙafa marar gajiya. Shi ya ɗauki takardar zuwa ofis. A ce masa ya dawo, ya dawo, a sake ce masa ya dawo, har damina biyu. Ya sha wuya ƙwarai. Ni dai a lokacin ban so in ga haka ba.

Da aka amince, muka yi gayya, muka tara yashi da dutse. Tun ba a gama aikin ba na fara jin abin da ya hana ni sukuni: mutane sun soma kiran wurin da sunan abokina. Mata masu kai abinci, masu jakuna, har maginin da aka turo, kowa sai ya ce gadar wane. Na takarda kuwa ba wanda ya tuna. In na ji, sai in yi murmushi in ce Allah ya saka masa.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, magini ya shafe bangon da ke fuskantar ruwa, ya ce siminti ɗanye ne, in da abin da za a rubuta a rubuta yanzu. Mai unguwa ya dube ni.

"Malam, sauka ka sa mana sunan mutuminka. Ya cancanta."

Na sauka cikin kwarin da tsinke a hannu. Jama'a suna sama, ba mai ganin bangon sai wanda ya sauko ya durƙusa. Na daɗe ina kallon simintin nan mai laushi. Sai na rubuta sunana da na mahaifina, na ƙara da cewa ni na rubuta takardar neman aikin. Ban taɓa yin rubutu mai kyau kamar wannan ba, abin kunyar ke nan.

Da na hau, abokina ya tare ni yana washe baki.

"Ka rubuta, Alaramma?"

"Na rubuta," na ce. Na kuma lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba.

Motar haya ta fara shigowa bayan girbi, bas guda, ranar kasuwa kaɗai. Daga baya suka zama uku, aka kafa rumfar mai shayi, aka haƙa rijiya kusa. Direbobi ba su san da wani rubutu ba. Sunan abokina suke kira in za su tsaya, ni kuma in cije. Shi kuwa duk baƙon da ya yi sai ya nuna masa daga sama: "Sunana na can ƙasa, Malam ne ya sa da hannunsa." Kowane lokaci sai in yi ta addu'a kada baƙon ya sauka.

Wanda ya sauka shi ne surukin abokina, wani dattijon malami daga Furana. Ina wurin, mun fito raka shi mota. Ya tattare rigarsa, abokina ya riƙe masa hannu har ƙasa. Ya durƙusa ya karanta a bayyane, a hankali, yadda ake karanta wa ɗalibi, har ƙarshe.

"Baba, ci gaba," in ji abokina.

"Iyakarsa ke nan, ɗana."

Abokina ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ashe shekara uku sunanka nake kawo mutane su gani."

Daminar nan duka bai zauna a zaurena ba. Gaisuwa kawai, irin ta masallaci. Na fi jin ciwon wannan a kan komai, amma sai da aka yanke rake kafin na iya tattara kaina. Na ɗauki siminti a kwano na je ƙofar gidansa, na ce ya yafe mini, zan shafe in rubuta nasa.

Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce in zauna. Ya sa aka kawo fura.

"Bar shi yadda yake, Alaramma. Ni nawa direbobi na kira kullum. Kai ma ai kana da masu karatu, kwaɗin kwarin nan duk ɗalibanka ne."

Muka yi dariya, tawa ba ta kai ciki ba.

Na yi istigfari a kan abin nan ba adadi, kuma na gane cewa mutum na iya riƙe alƙalami shekara da shekaru yana rubuta wa'azi a kan hassada, ita kuwa tana zaune a hannun da ke rubutun. Abokina ya rasu, Allah ya jiƙansa. An zuba kwalta, an faɗaɗa hanya, ƙasa ta binne rubutuna. Zan so in ce muku na warke sarai. Amma makon jiya, ina dawowa daga Dandamisa, direba ya waiwayo ya tambaye ni inda zan sauka. Na buɗe baki in faɗi sunan abokina, sai na ji na ce, "Wajen kwalbati."