Zoɓon da Na Mayar Magani

Laifina na farko wata 'yar ƙarya ce da na yi don yara su yi dariya. Ba su yi dariyar ba, yarda suka yi. Daga nan komai ya faro.

Ni ne auta a gidanmu, a unguwar Gobarau cikin birnin Katsina. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma ba ni da sana'ar da ta wuce surutu. Idan na ga ɓera a zaure da safe, kafin in kai labarin bakin masallaci ya zama gafiya, kafin la'asar ya zama ɗan akuya mai dogon bindi. Inna takan ce ranar da aka yi rabon kunya ina can ina ba masu rabon labari har suka manta da ni. Ba na sata, ba na shaye-shaye. Ni dai mutane su taru a kaina.

Babban abokina shi ne Auwalu. Tare muka taso. Yana da ciwon farfaɗiya tun yana ƙarami, shi ya sa ya bar makaranta ya kama ɗinkin hula a wani shago a Ƙofar Durbi. Hannunsa kuwa sai wanda ya gani. Har daga wasu unguwanni ake zuwa a ce hular yaron nan ake so. Kullum yana shan ƙwayar asibiti, ita ke riƙe masa ciwon, amma ya tsane ta. Ya ce tana sa shi gyangyaɗi a kan zare kamar tsohon maigadi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin da kowane bango a birni ya cika da hotunan masu alkawari, yayata Hajara ta dawo gida daga jami'a don aikin digirinta na biyu. Nazarin halayyar ɗan Adam take karantawa, wanda Inna ta taƙaita wa maƙwabta da cewa "karatun leƙen zuciya". Bincikenta a kan tsoron jarrabawa ne. Tana so ta gano ko koya wa ɗalibai wata dabarar jan numfashi da kwantar da jiki zai rage musu faɗuwar gaba. Ta samu izinin wata makaranta a Kambarawa, ta bi gida-gida ta nemi amincewar iyaye. Ni kuma ta ɗauke ni mai jera kujeru da rabon zoɓo.

Ranar farko ta zuba wake fari da ja a cikin ƙwarya, ta rufe da ƙyalle, kowane ɗalibi ya sa hannu ya ɗauko ɗaya. Masu farin wake za a koya musu numfashin. Masu ja kuwa za su zauna a wani aji su yi hira da ita, sai an gama binciken a koya musu.

Na ce, "Yaya, mi ya hana ki tsinto matsoratan kawai? Ni na san su. Ga wancan mai kunne kamar faifai, ko alli ya faɗi sai ya yi salati."

Ta ce, "In na zaɓa da hannuna, son raina zai zaɓa mini. Wake bai san ɗan kowa ba."

"To su masu jan, mi za a ba su zoɓo don shi, tunda ba a koya musu komi?"

"Auta, buɗe kunnenka. Mutum in ya ga an kula da shi, ko ya ɗauka an ba shi magani, hankalinsa kan kwanta ko da ba a yi masa komai ba. Don haka kowa zai zauna daidai da kowa, ya sha abin da kowa ya sha. Abu ɗaya tak zai raba su, numfashin. In na ga bambanci a ƙarshe, na san daga inda ya fito."

Hatta matar da ke auna bugun zuciyar yaran da yi musu tambayoyi, Yaya ba ta bari ta san wa ke cikin wane rukuni ba, don kada zato ya shiga awon. Na yi ta mata tsiya cewa ta fi 'yan sandan ciki ɓoye-ɓoye.

A satin farkon nan ne, ina raba zoɓo a ajin masu jan wake bayan Yaya ta fita, wani yaro ya ɓata rai ya ce an cuce su, su hira kawai aka ba su. Sai bakina ya riga hankalina. Na waiga hagu da dama, na rage murya na ce, "Kai wawa ne. Ku naku ai a cikin zoɓon yake. Daga jami'a aka kawo shi, ɗigo ɗaya sai ka haddace littafi har da lambar shafi. Amma duk wanda ya faɗa wa Malama, ya lalace."

Na jira dariya. Sai na ga kowa ya riƙe kofinsa da hannu biyu.

Sati na zagayowa yaron ya tare ni a bakin ƙofa. Ya rantse ya yi gwajin lissafi gabansa bai faɗi ba ko sau ɗaya, yana roƙon in ɗiba wa wansa a kwalba. Na ɗiba masa, ina dariya a ciki. Yaro na biyu ya zo, na uku ya damƙa mini kuɗi a hannu. A nan ya kamata in buɗe hannun in mayar. Na rufe.

Ban daɗe ba na fara haɗa nawa. Nakan sayi zoɓo wurin wata mata, in ƙara citta da kanumfari, in jefa ɗan ɓawon maɗaci, don na lura mutanenmu ba sa yarda da maganin da ba ya ɗaci. Na wanke tsoffin kwalaben maganin tari na ɗura. Suna ma ba ni na raɗa masa ba, yara suka sa masa Ruwan Malama. Wanda ya ci gwaji ya zagaya gari yana yabo. Wanda ya faɗi ya yi shiru, ya ɗauka shi ne bai sha daidai ba. Ba wanda ya tsaya ya ƙirga masu shirun. Daga 'yan makaranta ciniki ya koma ga masu rashin barci, da masu mantuwa, da wani direba da ya ce tun da ya fara sha bai ƙara faɗa da matarsa ba. Ni da kaina na soma jin kamar akwai wani abu a cikin kwalbar.

Sai ga Auwalu wata rana, ya ja ni gefe.

"Auta, ashe kana da abu irin wannan, ka bar ni ina haɗiyar ƙwayar barci? Ko sai na biya?"

Na ce, "Haba, wane biya."

Kalma uku ce ta rage in faɗa masa: zoɓo ne kawai. Amma Auwalu bai iya riƙe sirri ba, kuma yadda yake kallona, kamar wanda ya ga likita a jikin abokinsa, ya yi mini daɗi. Na ba shi kwalba biyu kyauta, har ina jin na yi abin kirki. Ban ce ya bar ƙwayarsa ba. Ban kuma ce kada ya bari ba. Ya bari.

Aka yi makonni ciwon bai tashi ba. Gyangyaɗin ya tafi, ɗinkinsa ya ƙara sauri. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta zo har zaurenmu da kwanon fura, ta same ni ni kaɗai, tana ta sa mini albarka, ta ce in miƙa godiyarta ga Malama. Ban miƙa ba.

A can kuma Yaya ta shiga ruɗu. Awon da ake yi ya nuna masu jan wake sun fi masu koyon numfashi kwanciyar hankali. Ta ce, "Wani abu ya shigo tsakani wanda ban sani ba. Auta, ka ga wani abu a ajin nan?" Na ce ban ga komai ba sai ƙadangare.

Da zancen ya lafa na tambaye ta, kamar da wasa, "Yaya, in mai ciwo ya sha wani abu, ya yi sati huɗu ciwon bai tashi ba, ai ya zama magani ko?"

Ta ce, "Da wa ka gwada shi? Akwai ciwon da kan kwanta don kansa ya sake tashi. Sai ka samu mutane da yawa, wasu su sha, wasu kada su sha, ka jira, ka gani. Mutum ɗaya labari ne, ba hujja ba. Kuma imani yana iya kwantar da faɗuwar gaba, amma ba kowane ciwo yake jin lallashi ba."

Ku lura da wannan, 'yan'uwana matasa, don shi ne abin da ya fi cina. Ban yi cikin jahilci ba. An faɗa mini da bakin da ya sani. Na ce gobe zan je in gaya wa Auwalu. Goben ta zo, wani ya aiko a kai masa kwalabe, na ce jibi.

Da safiyar wata Laraba Auwalu ya tsaya sayen ƙosai a kan hanyarsa ta zuwa shago. Ciwon ya tashi yana tsugune a gaban kaskon. Ya faɗi da hannun dama a cikin mai.

A asibiti likita ya tambayi Inna Rabi me ya sa yaron ya daina shan ƙwaya. Ta fito da kwalbata daga jaka. Kafin azahar 'yan sanda sun zo gidanmu, kuma ba ni suka nema ba, Malama suka nema. Ina tsaye a tsakar gida aka fita da Yaya, Inna na riƙe da mayafinta tana tambayar abin da ta yi. Sai da motarsu ta tashi sannan na bi ta da gudu har ofishinsu, na faɗi komai.

Da aka sallame ta, ta tsaya a gaban kantar da nake bayanta. Na zaci mari, na ma so marin. Sai ta ce, "Wane sati ka fara faɗa wa yaran?"

Na ce, "Na farko."

Ta ce, "Ko sati ɗaya ba ka bar mini ba, Auta." Sannan ta ce, "Ka je ka ga hannun yaron nan?" Na ce a'a. Ta juya ta fita.

Jami'a ta soke binciken, makarantar ta ce kada ta ƙara taka ƙofarta. Ni kuma alƙali ya same ni da laifin damfara da sayar da maganin ƙarya. Saboda shekaruna aka kai ni gidan horon yara, wanda suna ne kawai ya raba shi da gidan yari. Na yi shekara guda da 'yan watanni. Kwarkwatan wurin, da a da ne, da na ce muku har gaisuwa suke amsawa. Da farko na riƙa ba 'yan ɗakinmu labarin Ruwan Malama suna kwashewa da dariya, musamman wurin direban nan. Wata rana ina cikin bayarwa wani ya ce, "To shi abokin naka fa?" Ban ƙara ba da labarin ba sai yau.

Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon duk wanda ya sha kwalbata ya yafe mini. Ku kuma ga abin da zan bar muku. Kada ku raina ƙaryar raha, domin ba kai ke zaɓar wanda zai yarda da ita ba. In an ba ka amanar aiki, ko jera kujeru ne, ka sani wani ya jingina shekarunsa a kai. In aka ce muku ga magani an gwada, ku tambaya su nawa suka sha, su nawa ba su sha ba, kuma ina waɗanda bai yi wa aiki ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya, kada ya ajiye ta don maganar aboki. In kuma gaskiya ce a bakinka, ka faɗe ta yau.

Yaya ta koma wani gari tana koyarwa a firamare. Tana aiko wa Inna saƙo, wani lokaci ta ce a gaishe ni.

Washegarin fitowata na tafi Ƙofar Durbi. Na tarar da Auwalu a shagon, yana miƙa wa abokan ciniki zare. Na yi sallama, na tsuguna.

Ya ce, "Auta, kai ne ka rame haka? Ashe tuwon gwamnati bai karɓe ka ba."

Na ce, "Auwalu, zoɓo ne kawai."

Ya ce, "Na sani. Tashi, mutane na kallo."

Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa. Ya koma shan ƙwayarsa, ciwon ya lafa. Yatsu uku na hannunsa na dama sun manne da tafin, likita ya ce ba za su buɗe ba. Wani yaro ne yake ɗinka hulunan shagon yanzu.