Malamin da Yake Goge Mana Aiki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, tara ga watan Maris, muna zaune a ɗakin kwamfuta muna jiran darasin safe, shugaban sashe ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Daga nan ya shaida mana cewa Allah Ya yi wa malaminmu na darasin rubuta manhaja rasuwa, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe yana fama da shi ba. Babu wanda ya motsa. Ni kuwa, Allah Ya gafarta mini, tsoro ne ya riga hawaye zuwa, kuma kai Malam ka san dalili.

A bayan idonka Malam Goge-goge muke kiranka. Ka sani sarai, ka yi kamar ba ka sani ba. Ba ka taɓa karɓar aikin ɗalibi don kawai ya kunna ya yi aiki ba. Sai ka ja kujera, ka ce ya juya baya, ka goge layi biyu ko uku daga cikin abin da ya kwana yana rubutawa, sannan ka tura masa kwamfutar. "Bismillah, gyara." Wanda ya rubuta da hannunsa zai yi gumi ya gano inda ka taɓa. Wanda ya kwaso na wani kuwa sai ya zauna yana kallon allo kamar baƙo a gidansu. Mun tsine wa wannan ɗabi'a ba adadi, mu da yanzu muke kuka.

Ban manta shekarata ta farko ba. Na shigo ban taɓa zama gaban kwamfuta ba, ina neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, aji ya kwashe da dariya. Ka juyo ka ce, "Dariyar me? Ku da ita aka haife ku?" Daga ranar ka riƙa barin ɗakin a buɗe bayan an tashi, kana zaune can gefe kana duba takardu, wai kai ma aiki ne ya tsare ka. Sai daga baya na gane ni kake jira in gama. Idan wuta ta ɗauke ba ka sallamar mu. Kakan rubuta manhajar a allo, ka sa mu bi ta layi-layi da baki, mu zama mu ne kwamfutar, har sai mun ga inda za ta tuntsure.

A wannan zango, wanda shi ne na ƙarshe a gare mu, ka ba mu aikin rubuta manhajar da za ta tsara layin marasa lafiya a asibiti, ta sa mai tsananin ciwo a gaba. Batirin kwamfutata ya mutu tuntuni, don haka a ta makaranta na yi nawa, a can kuma na ajiye shi. Da aka tattara ayyuka sai aka tarar da biyu iri ɗaya, har da kuskuren rubutu guda a wuri guda: nawa da na wani ɗan ajinmu. Shi ya riga ni miƙawa. Dokar makaranta a kan satar aiki ba ta da kwana, kora ce, kuma a idon duk wanda ya duba, wadda ta miƙa daga baya ita ce ɓarauniya. Har aka sa ranar da kwamitin ladabtarwa zai zauna a kan maganar.

Ka kira mu ofishinka mu biyu, ka rufe ƙofa. Ba ka tambayi kowa komai ba. Ka goge abin da ka goge, ka tura masa. Ya daɗe yana hawa yana sauka a cikin layukan, bai taɓa ko harafi ɗaya ba. Ka turo mini. Ashe ka cire sharaɗin da ke hana manhajar zagayawa babu iyaka, na mayar da shi, ta tashi. Ka dube shi har ya sunkuyar da kai.

"Ka ga abin da na gani?"

Ya ce, "Na gani, Malam."

Na ɗauka magana ta ƙare. Amma da ya fita ka ce mini ba za ka rubuta rahoton abin da ka gani ba tukuna. Wanda ya kai kansa gaban kwamitin ladabtarwa ana iya sassauta masa ya maimaita shekara, wanda aka kai kuwa ya tafi ke nan. Kana so ka ba shi dama ya je da ƙafarsa. Na ce, "Malam, ni fa?" Ka ce, "Ke ai kina da ni, 'yata. Ranar zaman da bakina zan faɗa musu."

Ga shi zaman yana nan ranar Alhamis mai zuwa, kai kuma ka riga mu gidan gaskiya. Na je wurin shugaban sashe, ya saurare ni da tausayi, ya ce ba ka bar komai a rubuce ba, kwamiti kuma da abin da ke gabansa yake aiki. Na roƙa a sake gwada mu irin gwajinka. Ya ce ko an yarda, me zai nuna yanzu? Gaskiyarsa. Lokacin da ka ba ɗan ajinmu don ya yi tunani ya ishe shi ya haddace aikina ciki da waje. Mahaifina har yau bai sani ba. Tsohon direba ne, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin 'yarsa injiniyar kwamfuta, ni kuma na rasa ta inda zan fara.

Ba zan ɓoye maka ba, Malam, na yi fushi da kai. Ran da muka je gaisuwa ina zaune cikin mata, ina kuka ina jin haushinka a lokaci guda. Sai mai ɗakinka, wadda ba ta san ni ba, ta kama hannuna ta ce, "Ku yafe masa, 'yan nan. Mutum ne mai tsanani a aiki, na san ya ɓata muku rai." Na so in ce mata ba tsananinsa ne ya jefa ni a wannan hali ba, sauƙinsa ne. Da muka fito na hangi ɗan ajin namu a cikin maza, a can ƙarshen tabarma, ya haɗa kai da gwiwa. An ce kullum sai ya zo, ba ya yi wa kowa magana.

Na yafe maka, Malam, duniya da lahira, ko me kwamiti zai yanke. Ba ka yi don ka cuce ni ba. Ka ga ɗalibai biyu a gabanka, ka ƙi yarda ka rasa ko ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka, da malaman sashenmu da ɗalibanka na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Kai kuma ɗan ajinmu, ban ambaci sunanka ba, domin Malam bai ambata ba. Mu uku ne a ofishin nan. Ɗaya yana kabari, ɗaya ba za a yarda da ita ba. Saura kai.